Wandunan Auta

A layin teloli babu wanda yake ɗaukar mai gyara a bakin komai. Masu yanka sabon yadi su ne manya, su ke da madubi mai tsayin mutum da hotuna a bango. Mai gyara kuwa sai can ƙarshen layi, kusa da mai facin taya, inda ake kawo zif ɗin da ya mutu da aljihun da makulli ya ɓula. A nan Gwaggo ta yi rayuwarta, a shagon da in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fita kafin a juya.

Ba ta taɓa haihuwa ba, auren ma bai yi nisa ba. Mijin ya ce bakinta ya yi masa kaifi, ita kuma ta ce kunnensa ne ya yi taushi, suka rabu babu wanda ya yi kewar wani. Ɗan da ta samu a duniya shi ne ƙanenta, autan uwarsu, wanda aka bar mata yana rarrafe. Ta goya shi tana taka keken ɗinki, ta yi masa wandon makaranta da ragowar ƙyallen mutane, har ya zama ƙaton direban motar kai kaya, mai ƙugun da tef ɗin awo yake zagayewa da ƙyar. Ko da gemunsa ya fara furfura, ita Auta take ce masa. 'Ya'yansa biyu su suka fara kiranta Gwaggo, duk layin ya ɗauka, har dattawan da suka girme ta.

Abu biyu take tinƙaho da su. Na farko, ba ta da surutu kan jikin mutane. Mai gyara tana sanin ciki kafin miji ya sani, tana gane wanda aiki ya ƙare masa daga yadda ƙugunsa yake zubewa, amma Gwaggo sai ta cika baki da fil ta yi awonta, ko ƙala. Na biyu, ba ta yanke ragi. In ka kawo wando a tsuke maka, za ta ninke abin da ya yi yawa ta ciki, ta bi shi da ɗinki, ta danne da guga har ya kwanta. Ta kan ce jiki tafiya yake yi ya dawo, telan da ya yanke yadin mutum mugu ne ko malalaci. Kowa a gidan Auta ya san wannan magana, don ta sha maimaita ta har yara suna kwaikwayonta.

Ranar da Auta ya shigo da wanduna biyu a leda, bai zauna a kan bencin da ya saba ba. Ya ce a ɗan rage masa su kaɗan, tumbi ne yake sauka. Ta zagaya shi da tef, ta duba lambar, ta sake zagayawa. Ta zare fil daga bakinta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tambaye shi me likita ya ce. Ya fara zancen gyambon ciki. Ta ce masa ita ta wanke masa kashi, kada ya raina mata hankali. Sai ya zauna, ya gaya mata. Ciwon daji ne, a hanji, kuma ya ɗan jima a ciki kafin a gano.

Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyarwa a wata ƙaramar makaranta, ta riga ta yanke hukunci: yara ba za su ji ba. Babbar, 'Yar Baba, tana ajin ƙarshe da jarrabawa a gabanta. Ƙaramin, wanda uban ya laƙaba wa Acici don ba ya ganin kwano ya ɗauke kai, bai wuce shekara takwas ba, me zai gane? A bari sai bayan jarrabawa. Abin da ake so daga Gwaggo kawai shi ne kaya su riƙa zama daidai a jikinsa, kada yara su ga riga tana lilo a kafaɗar ubansu.

Gaskiya ita ce abin ya yi mata daɗi ta wani ɓangaren. An zo inda ta fi kowa. Likitoci suna da injinansu, ita kuma tana da hannun da zai sa mutum ya rame a gaban iyalinsa ba a gani ba. Ta zage ta yi aikin da ba ta taɓa yin irinsa ba. Ta tsuke ƙugu, ta ɗaga kafaɗa, ta matsar da maɓallin wuya, ta saka siririn soso a inda ƙashi ya fara fitowa. Da gashinsa ya fara zuba saboda maganin da ake sa masa ta jijiya, ya aske kansa ƙwal, ita ce ta fara yi masa tsiya a gaban yaran cewa tsufa ya zo yana neman komawa saurayi. Yaran suka yi dariya, ta koma shago tana jin ta yi abin kirki.

Kamfanin ya ba shi hutu, daga baya hutun ya zama sallama. Duk da haka kullum da safe sai ya saka rigar aiki, ya yi wa yara sallama, ya fito. In ba ranar asibiti ba ce, shagon Gwaggo yake zuwa, ya kwanta a bayan labule kan tarin kayan da masu su suka manta da su. Tana taka keke tana jin numfashinsa. Da yamma ya tashi, ya shafa ruwa a fuska, ya koma gida yana ba da labarin cunkoson hanya da bai gani ba.

Jarrabawa ta zo ta wuce. Malama ta ce a bari sakamako ya fito. Sakamako ya fito, ta ce a bari a ga abin da sabon magani zai yi. Gwaggo ba ta son Malama tun asali, ta kan ce mace ce da ko gaisuwa sai ta gyara maka, amma a wannan ba za ta ɗora mata laifi ita kaɗai ba. Su ukun duk tsoro suke ji, kowanne yana fakewa da ɗayan.

Wandunan suka ci gaba da dawowa. Ninki a kan ninki, har bayan wandon ya yi tudu kamar an cusa tsumma, yana gurje masa ƙashin baya in ya zauna. Wata rana da rana tsaka, bayan sun dawo daga asibiti inda likita ya yi ta zagaye-zagaye kafin ya ce maganin ba ya yin abin da ake so, Gwaggo ta farke ɗinkin duka, ta shimfiɗa wandon a kan tebur. Ta daɗe tana kallon yadin da ya yi saura, yadin da zai ishi wandon yaro. Ta ɗauki almakashi ta yanke. Ta bi bakin da ɗinki mai kyau, ta goge, ta ba shi. Ya saka ya ce yau ya ji daɗin zama.

Bayan 'yan makonni 'Yar Baba ta shigo shagon ita kaɗai da leda a hannu. Doguwar yarinya ce marar hayaniya, ita ke wanki da gugar gidan tun da ta kai tsayin tebur. Ta gaishe da Gwaggo, ta ce Mama ce ta aiko ta da wandon makarantar Acici, a rage ƙugun, yana zamewa.

Gwaggo ta ɗaga wandon. Ita ta sake shi da hannunta a farkon shekara, har ta yi mitar yaron yana girma kamar ana hura shi. Shekara da shekaru tana wannan sana'a, kayan yara saki ake yi musu, ana ƙara tsawo, ana buɗe ƙugu. Ba ta tuna ranar da aka kawo mata wandon yaro mai lafiya a ce a tsuke ba. Ta tambaya ko ba shi da lafiya ne.

Yarinyar ta ce lafiyarsa ƙalau, abinci ne ba ya ci. Kwanakin baya ya tambayi Mama me ya sa hannun Baba ya zama siriri, Mama ta ce aiki ne ya yi masa yawa, yana ta wahala don su ci su ƙoshi, shi ko zama cin abinci ba ya samu. Tun daga ranar Acici yake rage nasa. Yana tura namansa kwanon Baba in ba a kallo, abincin makaranta kuma ya dawo da shi a jaka ya ajiye a inda Baba yake zama. Baba ba ya iya ci, Mama ta zubar, gobe ya sake. Ya ce wa yayar tasa in ya daina ci da yawa Baba zai huta.

Gwaggo ta ajiye wandon a kan keke. Ta buɗe baki za ta yi irin maganar da manya ke yi, cewa gyambon ciki ne, zai warke. Yarinyar ta riga ta.

"Gwaggo, kin yanke wandon Baba."

Babu kuka a muryarta. Ta ce ita ke guga, tun ninkin farko ta gani, tana ƙirga su da yatsa duk sati. Da tana ganin ninkin sai ta ce a ranta ai Gwaggo ta bar masa wurin dawowa. Ta bi shi a baya wata safiya, ta ga inda yake shiga, ta ga kuma ƙofar da yake bi a asibiti da abin da aka rubuta a samanta. Duk wannan ta iya ɗauka. Amma ranar da ta juya baƙin wandonsa ta ga babu ninki, ta zauna a ƙasa, dutsen guga ya ƙone zanin gado.

"Kin ce ba kya yanke na wanda zai dawo."

Gwaggo ta taso daga mazauninta. Ta miƙa hannu, yarinyar ta ɗan ja baya, ba da rashin kunya ba, kamar dai wadda ta saba tsayuwa ita kaɗai. Abu ɗaya ta roƙa: kada a gaya wa Baba ta sani. Yana ƙoƙari sosai, in ji ta, kullum sai ya ƙirƙiro labarin hanya, in ya san a banza yake yi zai ji ciwo. Ta sa Gwaggo ta yi alkawari, sannan ta tambaya yaushe za ta dawo karɓar wandon.

Washegari da Auta ya zo zai wuce bayan labule, ya tarar da wandon ɗansa a shimfiɗe a kan keke. Gwaggo ta gaya masa labarin naman da abincin makaranta, ta haɗiye na 'yarsa kamar yadda ta yi alkawari. Ta ce wannan wandon ba za ta taɓa shi ba, nasa ma ta gama, ya kai wa masu madubi in yana so. Ya yi fushi, ya ce ita da ba ta da ɗa me ta sani. Maganar ta shige ta, ya kuma san ta shige ta. Ta ce haka ne, ba ta haifa ba, amma ta raini wani ƙaton wawa guda ɗaya, ga shi nan yana kallo ɗansa yana kashe kansa da yunwa. Ya zauna a kan benci ya rufe fuska, ya ce Yaya, ban san ta inda zan fara ba.

Ita ma ba ta sani ba. Da suka koma asibiti ta tare wata nas mai furfura a baranda ta tambaye ta. Matar ta ce ya faɗi sunan ciwon da bakinsa, ya ce ba laifin kowa ba ne kuma ba a ɗauka, kada ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa, kuma ya gaya musu wa zai riƙe su. Gwaggo ta ce wannan ai kamar gwajin riga ne, sai an saka an cire kafin ta zauna.

Haka suka yi ta gwaji a shago. Ya faɗa, ta ce ya yi tsawo, a rage. Ya sake, ta ce ya cika kwana-kwana, yaro zai ɓata a hanya. Ta zama Acici, tana jefo masa tambayoyin da suka sa shi zufa: za a yi maka allura? Ni ma zan kamu? Wa zai gyara min keke? Wuyar ita ce sunan ciwon. Kullum ya zo wurin sai ya ce ɗan rashin lafiya, ko larura. Sai ta ce ya faɗa tana taka keke, ƙarar za ta rufe. Ya yi ta faɗa cikin ƙara, yana ƙara ɗaga murya, ita kuwa ta ɗauke ƙafa ba zato. Kalmar ta fito ita kaɗai a cikin shagon, har mai faci ya ɗago kai daga waje. Auta ya kalle ta kamar zai mare ta, sannan ya yi wata dariya marar daɗi, ya ce ashe kalmar ba ta kashe shi ba.

Malama ta yi ta turjiya, ta ce Gwaggo tana son rusa mata gida. Gwaggo ta aika mata da wandon yaron yadda ya zo, ba ragi. Ba a sake jin musu daga wurinta ba.

Gwaggo ce ta zaɓi shagon, don ta lura mutane sun fi iya jin magana mai nauyi in hannunsu yana aiki, idonsu yana ƙasa. Bayan an tashi makaranta ta janyo ƙofa rabi. Ta juye wa Acici gwangwanin maɓallai ta ce ya ware mata farare daga baƙaƙe. Ta ba 'Yar Baba reza da wani tsohon siket ta farke kalmasa. Malama ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a hammata kamar mai jiran mota. Auta ya zauna a benci, gwiwoyinsa sun fito tsuru ta cikin wandon.

Ya fara da kyau, ya ɓata a tsakiya, ya kalli yayarsa, ta harare shi, ya dawo hanya. Ya faɗi sunan ciwon. Ya ce ya daɗe ba ya zuwa aiki, a nan yake wuni. Ya ce ramar daga ciwon take, ba daga aiki ba, ba daga abin da wani ya ci ba, ko Acici ya cinye tukunya ko ya kwana da yunwa, ciwon bai san yana yi ba. Hannun yaron ya tsaya a cikin maɓallai. Ya tambaya ko Baba zai warke. Auta ya ce likitoci sun gwada, maganin bai yi ba, yanzu suna ba shi abin da zai rage zafi. Yaron ya tambaya ko zai mutu. Malama ta juya baya. Auta ya ce e, yana jin haka ne, bai san yaushe ba, amma Mama tana nan, Gwaggo tana nan, kuma duk abin da ya sani daga yau zai gaya musu. Acici ya taso ya haye cinyarsa, ƙato da shi, ya cusa kai a wuyansa. Can ya ɗago ya ce to me ya sa aka ce aiki ne.

Gwaggo kuwa 'Yar Baba take kallo. Da aka faɗi sunan ciwon, yarinyar ta saki rezar ta faɗi ƙasa. Ta ɗora hannu a baki. Ta zaro ido ta ce, "Baba, tun yaushe? Wallahi ban lura ba." Ta yi shi daidai, ba ƙari ba ragi, har da ɗan rawar murya a inda ya kamata. Sai da uban ya miƙo hannu ya jawo ta sannan kukan gaske ya zo, wanda ta daɗe tana yi ita kaɗai a gaban teburin guga. Gwaggo ta tsani kanta a wannan lokaci kamar yadda ba ta taɓa tsanar kowa ba. Yarinya ce da ba ta iya ƙarya ko ta wasa ba, ga shi a 'yan watanni ta ƙware, kuma a gida ta koya, a wurin mutum uku da suka fi kowa sonta.

Malama ta tafi da yaran. A hanya, in ji mai faci, an ga Acici yana cin burodi. Auta ya tsaya ya huta kafin ya iya tashi. Fuskarsa ta saki, rabon da Gwaggo ta gan shi haka tun kafin ciwon. Ya ce ya ji kamar an sauke masa buhu. Sannan ya dafa kafaɗarta, ya yi murmushi irin na lokacin da yake yaro in ya ci gwaji.

"Kin ga 'Yar Baba, Yaya? Ko alama ba ta sani ba. Aƙalla ta yi jarrabawarta da kwanciyar hankali. Wannan aikinki ne, Allah ya saka miki."

Gwaggo ta sunkuya tana tsince maɓallan da suka zube a ƙarƙashin keke. Ta ce amin.